Ƙofofi Goma Sha Tara

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da Yaya da jaririnta. Yaya ciwon gwiwar? Don Allah kada ka ce da sauƙi alhali maganin yana nan a aljihun rigarka.

Yau kwanana ashirin da biyu a shagon sassaƙa. Saura takwas watan gwajina ya cika, Oga ya yanke ko zai riƙe ni. Ka tambayi abin da nake yi tunda ba na riƙe zarto. Zane nake gyarawa a kwamfuta kafin inji ya sassaƙa shi a katako. Injin layi kawai yake bi. In layi ya ninku, sau biyu zai yanka. In ya tsinke, ko da rabin milimita ne, ba zai haƙa wurin ba.

An ba ni aikina na farko ni kaɗai: taswirar wata makarantar makafi, wadda za a kafa a mashiga, sababbin ɗalibai su shafa su gane hanya. Injin zai haƙe cikin ɗakuna ya bar bango a tsaye. Daga hoton tsohuwar takardar ginin aka kwafo zanen, har da tabon kofin shayi. Layukan da suka tsinke ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Duk na haɗe su, na duba sau uku. Gobe za a yanka. A sa ni a addu'a.

Taka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Jiya malamar da ta kawo aikin ta zo karɓa. Ita ma ba ta gani. Ta aza yatsa a kan allon, ta zagaya aji na farko, ta sake zagayawa, sai ta fashe da dariya. Ta ce bangon sumul, hannu ya yi kyau, amma me yaranta suka yi mini da zan kulle su ba abinci ba banɗaki?

Baba, goma sha tara daga cikin tsinkakkun layukan nan ƙofofi ne. Kai da ka yi shekara talatin kana kafa wa mutane ƙofa, ga 'yarka ta toshe goma sha tara a wuni ɗaya.

Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya jingina allon da bango, ya koma kan aikinsa. A minti goma zan iya buɗe ƙofofin daga hoton, amma na daina yarda da abin da ban taɓa da hannuna ba. Na roƙi ya bar ni in je makarantar. Ya ce saura kwana shida, ni na sani.

Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Auta

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗi da ka koma shan maganin, ko da yake na san aikin Yaya ne.

Na je da tef ɗin awon da ka ba ni. Malama ce ta ja ni, tana cewa in bi a hankali, masu ido sun fi kowa tuntuɓe a nan. Ƙofofi ashirin da ɗaya muka ƙirga. An toshe ɗaya tun bayan zana takardar, an fasa uku sababbi. Da na gyara daga hoton, da na aika yara su ci karo da bango. Akwai kuma matakala biyu kusa da famfo, inda ta ce kowane sabon ɗalibi sai ya faɗi a makonsa na farko. Babu su a takardar. Na sa musu tudu biyu ƙanana da yatsa zai ji.

Kaurin allon milimita ashirin da biyar ne, huɗu kawai muka haƙa, don haka na ce a juya a yanka bayansa. Da Malama ta dawo, yatsanta ya shiga kowane ɗaki ya fita. A wajen famfo ya tsaya, ya daɗe. Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta nemi hannuna ta riƙe.

Yau kwana talatin. Na zauna ina jiran hukunci har lokacin tashi. Sai Oga ya ajiye makullin shago a kan teburina, ya ce tunda yanzu na san amfanin ƙofa, gobe ni zan buɗe, ƙarfe takwas.

Amma Baba, ƙofar tana jan ƙasa, wajen milimita bakwai ta gefen makulli. Rubuto ka gaya mini ta inda zan fara. Yanzu kana iya ba Inna labarin duka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta