Ba Mu Ga Alli a Hannun Rigarka Ba

Zuwa ga ƙanina Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Tudun Wada. Inna tana gaishe ka.

Kafin ka tafi digiri na biyu, ka zaunar da ni a zaure ka ce jami'ar can ba za ta karɓi kuɗin makaranta ba, ita ce ma za ta riƙa biyanka, kai kuma ka koyar da ƙananan ɗalibai, ka taya wani farfesa bincike. Ban gane ba. A iya sanina ɗalibi ne ke kai wa malami kuɗi. Amma karatuna a sakandare ya tsaya, sai na ce wataƙila ni ne ban waye ba. Ni na shiga ɗakin Inna na lallashe ta har ta sa maka albarka.

To Bashir, na bi hotunan da ka aiko ɗaya bayan ɗaya. A wannan kana wanke kwalabe. A wancan kana tura baro cike da taki, da takalmin roba har gwiwa. Ka ce binciken ƙasar noma ne. Aji fa? Ɗaliban fa?

Ka tuna marigayi Baba idan ya dawo daga firamaren Gyallesu, hannun rigarsa fari fat da alli, Inna tana kakkaɓewa tana mita? Abin da take nema ke nan. Duk hoton da na miƙa mata, ba fuskarka take fara dubawa ba. Sai ta ce, "Wannan malami naku akwai tsabta."

Na tambayi wani lakcara da ke sayen fenti a shagonmu na Kwangila, ya ce haka tsarin yake, wai yanzu ma ba a amfani da alli. Na so in yarda. Amma shi ma bai ga ajinka ba.

Idan leburanci kake yi, ba abin kunya ba ne, ɗan'uwana. Da shi na ci abinci shekaru. Ka dai faɗa mini, don kullum Inna ta tambaye ni sai in ce karatu kake yi, kuma ban san ko ƙarya nake yi wa mahaifiyata ba.

Allah Ya tsare ka, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya dawo mana da kai lafiya. Hoton baron nan yana wayata, ban nuna mata ba tukuna. Ina jiran amsarka.

Yayanka,
Sani