Takardar da Na Cika a Kwance

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, wuyan nan ya ƙi ni. Shekara ashirin ina sunkuye a kan mutane ina kitso, yanzu ko kai ɗaya ba na gamawa sai na jingina da bangon shago ina hawaye. Likita ya ce gaɓoɓin ƙashin wuya ne suka gaji. Wai akwai wata 'yar jijiya mai kai saƙon ciwon, za a zura allura kusa da ita, na'ura ta ɗumama bakin allurar har jijiyar ta yi shiru. Shi ya ce ɗumamawa, ni ƙonawa na ji. Kuma idona biyu za a yi, don sai ina gaya masa abin da nake ji!

Tsoro nake ji, Yaya. Jijiyoyin hannu ma ta wuya suke bi. In aka taɓa wadda ba ita ba, da me zan yi kitso? In kin ga wasiƙa da rubutun 'yata, kin san sauran.

Taki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na yi ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Kafin ƙonawar sai an yi allurar gwaji, mai kashe jijiyar na 'yan awoyi. Aka yi mini, aka ba ni takarda, aka ce in je in yi aikin da ke tayar da ciwon, duk awa in rubuta yadda na ji. In ciwon ya ɓace, to ita ce jijiyar. Ni kuwa uwar 'yan tsoro, ina isa gida na kwanta kamar gungume, matashi hagu da dama, ko juyi ban yi ba. Kowane layi na rubuta babu ciwo. To wa ke jin ciwon kitso a kwance?

Likita ya gani ya yi murna, ya sa rana, Talata. Kunya ta hana ni buɗe baki. Yanzu a kan ƙaryata za a sa mini wuta a wuya.

Na san za ki ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kar ki ce, na riga na faɗa wa kaina.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, a shafa mini kan yara.

Na faɗa wa likita gaskiya. Ya cire tabarau ya kalle ni, sannan ya ɗaga ranar, aka sake gwajin. Wannan karon shago na wuce. Kai uku na kitsa, ciwo bai leƙo ba sai da allurar ta sake ni.

Jiya aka yi ƙonawar. Ɗaki mai sanyi, ina rub da ciki, fuskata a cikin ramin da aka yi wa gadon don sa fuska, takalman nas kawai nake gani. Kafin ya ƙona, ya saki 'yar wuta kaɗan don ya gwada wurin. Sai na ji abu ya tsarga mini hannun dama har babban yatsa. Wallahi saura kaɗan in yi shiru, kar a ce na cika raki. Na tuna takardar nan, na ƙwala ihu. Ya tsaya, ya gyara allurar, ya sake gwadawa, sannan ya ƙona.

Wuyan na raɗaɗi. Ya ce sai an yi makonni kafin a san sakamako, kuma jijiyar na iya sake tsirowa.

Amma dubi rubutun nan da kyau, Yaya. Wannan tafiyar kazar da kike yi wa dariya tun muna yara, tawa ce.

Taki har kullum,
Auta