Tankin da Ka Sa Aka Sauke

Ɗana,

Malamar kimiyya mai haya a ɗakin ƙofa ce ke rubuta min, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya. Ina gaisuwa. Ya matarka da yara? Ni lafiya lau in ban da gwiwa, ita ma kai ka jawo.

Wa ya ba ka izinin turo mai gyaran famfo ya sauke tankin ruwa daga kan ƙarafunan da ubanka ya ɗora shi? Na dawo daga asibiti na tarar da shi zaune a ƙasa kamar baƙo. Tun ranar famfo sai huci, ba ruwa. Malama ta ce ƙarfin da aka sa aka kai ruwa sama yana nan ajiye, shi ke turo shi cikin bututu. A ƙasa kuwa babu. Ni da na tsaya a aji biyu na san ruwa ba ya hawa. Kai da aka shekara goma sha shida ana saya maka littattafai fa?

Wai tsoro kake kada ya faɗo. Ƙarya kake. So kake ɗaukar bokiti ya gajiyar da ni, in tattara in koma benenka ina kallon bango. Ba inda za ni. A ɗakin nan ubanka ya cika, daga nan za a fitar da ni.

Uwarka.

Ɗana,

Malama ce dai. Kuna lafiya? Ƙaramar ta daina tari?

Mai gyaran famfon naka ya ƙara yin wata ɓarnar. Shekaranjiya da sassafe ya toshe kafar iskar tankin, ya liƙe murfin da gam, wai don ƙadangaru. Tanki baƙi, ruwa kaɗan, ga rana. Da azahar murfin ya tashi da ƙara, maƙwabta suka fito ba takalmi, ya sauka kan kwanukana. Malama ta ce iska in ta ji zafi kumbura take, in ba a ba ta hanya ba ta yi wa kanta. Na ce ni ma haka.

Na kira mai walda ya mayar da tankin sama. Ya ɗan taɓa ƙafa ɗaya ta ƙarafunan da guduma, sai ta marmashe kamar biskit. Tsatsa ta cinye ta daga ciki, fenti ne kawai ke riƙe da ita. A ƙarƙashin tankin nan nake shimfiɗa tabarma kullum, nan ƙaramar ke barci in kun zo. Malama ta fara bayanin inda wancan ajiyayyen ƙarfin zai sauka, na ce ta yi shiru ta yi rubutu.

An yi sababbin ƙafafu, tanki ya koma sama, ruwa na zuwa. Kada ka ɗauka na huce. Da ka zo da kanka ka nuna min tsatsar da yatsa, maimakon turo baƙo a bayan idona, da ban yi wata guda ina jan bokiti ba. Kuma ba zan tashi ba.

Ga yadda ake ciki. Ina bin mai gyaran famfo murfi da kwano biyu, ka gaya masa. Mai shago na bina tsaninsa da na ara, gobe zan mayar. Ina binka zuwa. Kai kuma kana bina magana ɗaya, ba zan sa Malama ta rubuta ba. In kana son ji, ka zo da ƙafarka.

A gaida kowa.

Uwarka.