Mai Hanci Ba Ta Tashi Ba

Laraba, 2 ga Yuli, 2025

Abokina Dogara bakanike bai zo ba yau. Tun da hantsi na yaye tampol daga kan tsohuwar motata Mai Hanci, na shimfiɗa buhu, na jera sifanu yadda yake son ganinsu, ƙanana a dama manya a hagu. Har aka kira azahar shiru. Wayarsa a kashe.

'Yata Batul ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta lokacin shan maganin hawan jini. To ga abin da nake rubutawa.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ya faɗi a banɗaki jiya da asuba. Shanyewar ɓarin jiki. Suna asibitin Shika. Matarsa Adama ce ta aiko a gaya mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 5 ga Yuli

Na je Shika. Ban shiga ba.

Daga bakin ƙofar ɗakin na hango shi. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yashe a kan zani kamar ba nasa ba. Hannun da yake shafa noti a cikin duhu ya gaya maka rabin inci ne ko ya fi. Adama tana goge masa haɓa. Na miƙa wa wata mai jinya ledar ayaba na ce ta kai gadon can, na juyo. A motar dawowa kwandasta ya yi ta magana ban san da ni yake ba.

Talata, 8 ga Yuli

Na zauna a cikin kan motar har rana ta yi zafi. Ƙamshin nan yana nan, tsohon gas da fatar kujera.

Bedford ce ta katako mai dogon hanci, shi ya sa Dogara ya raɗa mata sunan. Ta girmi Batul. A bayanta na ci na sha, na gina ɗakunan gidan nan, na aurar da 'ya'ya. Da ƙarfina ya fara ja baya na shigo da ita kangon bayan gida, a kan zan ɗan huta wata biyu. Ciyawa ta fito ta cikin bodi, kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashin kujera.

Bayan rasuwar Hadiza, uwar 'ya'yana, a zaure nake wuni. Wata safiya Dogara ya zo daga Kusfa da akwatin kayan aikinsa a kan babur ɗin haya. Bai ma zauna ba. Ya ce, "Labaran, tashi mu tayar da tsohuwar nan, na gaji da ganin kaji suna hawanta." Damina biyu ke nan muna kai. Mun canza katakon bodi, mun yi fenti kore irin na da, mun ɗaure birki. Inji kawai ya rage, kuma wannan ba ya bari in taɓa. "Kai direba ne, naka sitiyari."

Litinin, 14 ga Yuli

An sallamo su. Yana gida.

Batul ta biyo daga makarantar da take koyarwa ta ce, "Baba, ka je ka duba Baba Dogara kuwa?" Na ce zan je. Ta ce an ce ba ya cin abinci, kuma duk wanda ya yi sallama sai ya juya ido ƙofa. Na ce na ji. Ta tsaya tana kallona irin kallon uwarta.

Na yanke shawara. Ba zan je masa hannu rabbana ba. Zan tayar da motar, in tuƙa ta har bakin lungunsu a Kusfa, in danna oda. Ya ji da kunnensa. Wata ƙila hannun ma ya motsa, Allah mai iko ne.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban yi komai ba.

Irin wannan ruwan ne ya kama mu tsakanin Tegina da Birnin Gwari, shekarun baya, lokacin hanyar ba ta zama abin tsoro ba. Lodin albasa za mu kai Ibadan. Muka faɗa wani rami da ruwa ya rufe, sifirin baya ya karye. Mai kaya ya zauna a gefen hanya ya haɗa kai da gwiwa, albasa ta fara wari. Dogara ya ari gatari a rugar Fulani, ya saro reshen ƙirya, ya kwanta cikin taɓo ya ɗaure shi da igiyar lodi. Da wannan icen muka shiga Ilori. Da ya fito daga ƙarƙashin mota ba abin da ake gani sai idanu da haƙora. Ya ce, "Ka ja a hankali, yau itace ke ɗauke da kai."

Tare muka fara karen mota a tashar Tudun Wada, a wata mota Ostin da ake tayarwa da handul. Ni na bi sitiyari, shi ya bi sifana. Na ja Leyland ta wani Alhaji, na ja tirela ta kamfani, amma ba wadda ta shiga raina kamar wannan. Giyarta sai ka taka kuloci sau biyu, ka saurari inji, sannan ta yarda. Yaran yanzu ba su san mota tana da ra'ayi ba.

Duk waɗanda za su ce e, haka aka yi, sun tafi. Saura shi.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na gwada ɗora kan inji ni kaɗai. Ya suɓuce ya murƙushe mini yatsa. Farcen ya yi baƙi. Shekara saba'in da ɗoriya, ko jerin notunan ban sani ba. Kullum ina tsaye ina miƙa masa sifana muna hira, ban taɓa lura ba.

Talata, 29 ga Yuli

Bayan la'asar na bi ta Kusfa. Na kai har wajen mai tsiren bakin lungunsu. Na sayi tsiren da ba na so, na dawo.

Laraba, 6 ga Agusta

An haɗa ni da wani Sagiru, bakaniken tireloli a Ɗan Magaji. Magidanci ne mai hankali. Ya zagaya motar yana murmushi, ya ce kakansa ya ja irinta. Ya ce in ina so a sa mata injin wata motar, ba wuya. Na ce in aka sa wa mutum zuciyar wani, shi ne? Ya ce ai ana yi yanzu, Baba. Zai dawo ran Asabar da kayan aiki.

Asabar, 9 ga Agusta

Bulok ɗin, wato gangar jikin injin, ya tsage.

Ban san yadda zan rubuta ba. Sagiru ya wanke injin da fetur, ya haska fitilar wayarsa, ya daɗe a sunkuye. Sai ya kira ni. Tsaga ce daga ramin fistin ta ratsa har hanyar ruwa. Ya ce ko an yi walda ba za ta riƙe ba, da ta ɗau zafi za ta sake buɗewa. Irin bulok ɗin kuma, ya ce shi dai rabonsa da gani tun yana koyon aiki, 'yan gwangwan sun narkar da su.

Sannan ya kankare wani abu da bakin sukundireba ya nuna mini. An shafe tsagar da boti, an bi da fenti kalar inji. Ya ce, "Baba, wanda ya buɗe injin nan ya ga wannan. Rufewa ya yi."

Na ce ƙila tun da can ne. Ya ce fentin bai tsufa ba.

Ya ƙi karɓar ko kuɗin mota.

Lahadi, 10 ga Agusta

Dogara ya tura ni Panteka a Kaduna neman ringi. Ya tura ni Ƙofar Ruwa a Kano neman gaskit, na je ba ɗaya ba biyu ba, kullum wanda na kawo ba shi ba ne. Ina hawa mota da ciwon gwiwa, ina bin rumfuna, yara suna yi mini dariya, wai Baba wannan ai sai gidan tarihi. Shi yana nan zaune a inuwa ya sani.

Ban yi sallar asuba a masallaci ba. Ba na son a gaishe ni.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na je.

Adama ta yi mini iso har ɗakinsa. Ba ta ce komai a kan daɗewata ba, ta dai ce, "Malam Labaran, sannu da zuwa," da wata irin murya. An jingina shi da filo. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kwanon kunu a gefe ya yi sanyi, ba a taɓa ba. Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi fara'a, ɗaya rabin bai sani ba.

Na yi masa ya jiki. Maganarsa sai ka kasa kunne. Abin da ya fara tambaya, "Ta tashi?"

Na ce, "Bulok ya tsage, Dogara."

Ya rufe ido. Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ranar farko."

Na ce to me ya sa. Na ce damina biyu. Na faɗi wasu maganganu da ba a faɗa wa mara lafiya. Ya yi ta kokawa da harshensa, yawu yana zuba, Adama ta matso ya ture ta da hannun hagu. Da ƙyar ya fitar da maganar.

"Kana cin abinci. In muna aiki. Kana ci."

Na ce, "Ka mai da ni yaro ke nan." Na tashi na sa takalmi. Adama ta biyo ni tsakar gida tana cewa in tsaya in ji, ban tsaya ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Da ya bar ni a zaure da tuni na bi Hadiza, kowa ya huta. Astagfirullah.

Talata, 19 ga Agusta

Wani ɗan gwangwan da ya saba leƙowa ta katanga ya zo. A da, da sanda nake korarsa. Yau na bar shi ya shiga, ya ƙwanƙwasa sasi, ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce ƙarfen da ne, mai nauyi, ba irin na yanzu ba. Ya ce a nan za su yanka ta da wuta, su kwashe a kura. Na ce ya bari ruwa ya ɗauke.

Da ya tafi na tarar ya jingina tafin hannunsa a kan sabon fentin ƙofa, ya bar shaida. Na goge da hannun rigata. Ban san don me ba.

Juma'a, 22 ga Agusta

Batul ta kawo tuwo, ta tarar da na jiya a rufe. Ta zauna a kan tabarma ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta je Kusfa. Likita ya ce hannun ba lallai ya dawo ba, amma a riƙa ba shi abin da zai riƙe da na hagu, a riƙa sa shi magana. Ya ƙi. An saya masa ƙwallon roba na matsawa, ya jefar ƙarƙashin gado. Tun ranar da na je bai ce uffan ba.

Ta ce, "Baba, ni na san yadda kake kafin ya zo da akwatin nan. Ni nake kwashe kwanukan."

Na ce ta tafi gida kada mijinta ya jira.

Litinin, 25 ga Agusta

Ban yaye tampol ba. Ba amfani. Na zauna a zaure ina kallon masu wucewa, yawancinsu ban san 'ya'yan wa ba ne. Garin da aka haife ni.

Laraba, 27 ga Agusta

Ruwa yana shiga ta gefen tampol, na ga tsatsa ta fara kama famfon gas. Don haka kawai na kwance shi. Tun da na kwance kuma, ba ni da wurin ajiya, kuma Dogara ne ya san kansa. Na naɗe a tsumma, na ɗauki sifanu uku da gwangwanin fetur, na hau Keke zuwa Kusfa.

Adama ta ga tsumman ta ga fuskata, ta kauce daga ƙofa.

Ban ce masa komai a kan rannan ba, shi ma bai ce ba. Na shimfiɗa buhu a kan cinyarsa na ajiye famfon. Na ce, "Ya toshe. Na rasa gane kansa."

Ba abin da ya toshe. Shi da kansa ya wanke shi bara, yana ƙyalli.

Ya juya shi da hannun hagu, ya shinshina, ya kai babban yatsa bakin bututun. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Na mai da ido kan buhu.

Ya ce, "Ya toshe ƙwarai. Rabin inci."

Na miƙa masa. Na riƙe famfon, shi yana juya sifana, tana zamewa yana sake kamawa. Noti ɗaya ya kai mu har azahar. Sau biyu ya zage ni, wai riƙon direbobi nake yi. Adama ta shigo da shinkafa da wake a faranti ɗaya da cokali biyu, ta ajiye ta fita ba ta dube mu ba. Wai kar fetur ya shiga abinci na ture buhun gefe. Ban lura da wanda ya fi ci ba.

Famfon yana can, a warwatse a ƙarƙashin gadonsa. Ba a barin aiki a buɗe, dole in koma a haɗa. Fushina yana nan, ban huce ba.