Kofuna Ɗari a Ƙasan Silima

Detroit, 1933

Ƙanwata Opal,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Muna lafiya, sai dai makarantar da nake koyarwa ta sallame ni, har mun sayar da kwanukanmu.

Kina zaton fim ke kai mu silima? Faranti ne! Duk Talata in mace ta sayi tikiti, a ba ta tangaran kyauta. Amma sati huɗu manajan yana ba mu kofuna kawai. Da na yi magana ya ce, "Malama, mayunwaci ba ya zaɓe."

Na tara mata kamar 'yan ajina, kowace da kofinta. Ana tsakiyar fim na ce, "Ɗaya, biyu, uku!" Muka doka su da ƙasa, kofuna ɗari suka tarwatse. Manajan ya durƙusa yana shara, ina kallo, raina fari. Wannan satin faranti ya raba.

Ku gwada wa naku manajan.

Yayarki,
Wilma