Karin Gugar Baba Ya Hana 'Yata Fita Gaban Allo

Anti, don Allah ki agaza mini, na rasa ta inda zan ɓullo wa mahaifina. Kuma ba mugun abu ya yi ba, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Baba mai wanki da guga ne, shekara talatin yana goge yunifom ɗin 'ya'yan mutane. Mu 'ya'yansa ba wanda ya taɓa saka irinsa. Yanzu ƙarfi ya ja baya, yana zaune a wurina. Ranar da 'yata, wadda yake kira Uwata, ta shiga aji ɗaya, wallahi sai da ya yi hawaye da ya ga farar rigar. Tun daga ranar ba mai taɓa kayan nan sai shi. Ya sa bula, ya sa sitaci, ya hura gawayi a tsohon dutsen gugarsa, wai na lantarki wasan yara ne. Karin da yake fitarwa a hannun riga, Anti, sai kin gani. Har iyaye kan tare ni a bakin makaranta suna tambayar wa ke mana guga.

To, idan yarinyar ta dawo daga makaranta yana nan zaune bakin ƙofa. Ya duba kwala, ya duba aljihu, in ya ga fes ya shafa kanta ya sa mata albarka. Bai taɓa yi mata faɗa ba, ko sau ɗaya.

Makon jiya malamarta ta kira ni. Yanzu yarinyar tana aji uku, amma wai ba ta yarda ta fita gaban allo saboda ƙurar alli. Ba ta zama a tabarma lokacin karatun rukuni. Lokacin tara tana tsaye jikin bango kamar soja. Lissafinta ya ja baya, har ana maganar ta maimaita aji. Da na tambaye ta, sai ta ce ba ta so Kaka ya ga datti ya ji ba daɗi. Na shiga ɗaki na yi kuka. Gugar nan ita ke tashinsa da safe. Yaya zan yi in ceci karatunta ban karya masa zuciya ba?

'Yar Mai Guga

'Yar'uwa, da farko ki gaishe mini da Baba. Mutumin da ya ɗauki rigar makaranta da wannan daraja ya san darajar ilimi fiye da wasu masu takardu. 'Yarki ma ta burge ni, ƙaramar yarinya da ke tattalin zuciyar tsoho haka.

Sai dai an yi yunifom ne don yaro ya manta da abin da ke jikinsa ya fuskanci malami. Naku ya zama abin da take gadi tun safe har a tashi.

Kada ki karɓe gugar daga hannunsa, kuma kada ki yi ta kewaye-kewaye. Ki zauna da shi ki faɗa masa abin da malama ta ce, da amsar da jikarsa ta bayar, kalma da kalma. Zai ji zafi, amma dattijo ne, kuma don karatun yake yi. Ki roƙe shi ya rage sitaci, sannan shi da bakinsa ya ba ta izinin ɓata rigar, don naki izinin ba zai yi aiki ba. In da hali ki ɗinka ta biyu.

Ki kuma tuna masa cewa gwanin wanki ba ya tsoron tabo. Ya ce mata ta je ta kwaso alli da tawada, ta ga ko akwai wanda zai gagari kakanta.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya nuna masa ranar da za ta gama.