Wane Ganye, Inna?

Talata, 2 ga Yuli, 2024
Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye muka ɗauko ta daga Faru, sunaye suka gudu daga bakinta. Matar da ta tsufa tana tallar kwaɗo, yau komai "ganye". Tuwo ma ta ƙi, ganye kawai take kira. Na ce, "Wane ganye, Inna?" Ta yi mini kallon sakarya.

Asabar, 6 ga Yuli
Zogale. Ta tofar.

Talata, 9 ga Yuli
Na ci kasuwar Mafara kamar mai shirin biki: rama, alayyahu, sure, lalo, tafasa. Na jera a faifai ina kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, ko za ta kama. Har tsawa na yi mata, Allah ya yafe mini. Ta ture faifan ta yi kuka. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, tsoro nake ji.

Alhamis, 11 ga Yuli
Yaya Nasidi ya bugo daga Bakura. Wai, "Hamdiyya, ganye ai ganye na, ki ba ta wanda ya samu." Haka ne, shi ma ai mutum ne, amma ba kowane mutum ke wanke wa Inna jiki ba. Na ce ya zo ya ɗauke ta ƙarshen wata. Na gaji, wallahi na gaji.

Lahadi, 14 ga Yuli
Koko cokali kaɗan. Ni ko wanka ban yi ba.

Laraba, 17 ga Yuli
Zafi ya sa na fitar da ita gindin danga. Ina wanke-wanke na ga tana jan wani abu da hannunta mai lafiya. Yaɗiya! Wadda ta nannaɗe dangar tun farkon damina, kullum ina cewa sai na sare ta. Na dafa na zubar da ruwan ɗacin, na kwaɗa da ƙuli. Ta cinye har tana lasar yatsa. Ni da na gama zaga kasuwa.

Juma'a, 26 ga Yuli
Har yau ba ta faɗi sunan ba, ni ma na bar tambaya. Ta ce ganye, in ce "To, Inna," in nufi danga.
Yaya Nasidi ya ce yana tafe jibi da mota. Na ce ya dakata tukuna, hanya ta lalace da ruwa. Hanyar ƙalau take.